Ƙanena, bar direba ya huta, koma bakin girin

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya ce wata huɗu ke nan da fara golf, bugun nesa ya soma zama, amma da ya iso kusa da girin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ramin ke ciki, sai ya yi bugu biyar ko shida kafin ƙwallo ta faɗa rami: ciwon da ya kama ni ne ya kama ka. Shekarata tara a wasan nan, yawanci a filin Achimota da ke Ankara ta Ghana nake bugawa, kuma biyun farko a banza suka tafi. Kullum ina filin atisaye ina zabga wa ƙwallo direba, sandar bugun nesa, don mutane su waigo.

Yi lissafi da kanka. A fili mai rami 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, fot biyu, wato bugun gangara ƙwallo zuwa rami, aka ware wa kowane girin, 36 ke nan, rabin wasan cif. Ni kuwa ranar da na fara rubuta yawan fot ɗina a kati, 47 na ƙirga. Kunya ta hana ni nuna wa kowa.

Wanda ya gyara ni wani dattijon kadi ne, mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, mutumin Mamobi, da ya fi shekara talatin yana ɗaukar jaka. Ya ga ina ƙoƙarin cusa sanda ƙarƙashin ƙwallo in ɗaga ta sama kamar mai kwasar tuwo da mara, sai ya ce, "Alhaji, ɗagawa aikin sanda ne, ba naka ba." Gaskiya ce, don fuskar sandar a kishingiɗe aka ƙera ta. Idan na-dama ne kai, haɗe ƙafafunka kusa da juna, ɗora yawancin nauyinka a ta hagu kuma ka bar shi can har ka gama, ƙwallo ta ɗan koma wajen ƙafar dama, hannuwa su ɗan riga kan sanda. Wuyan hannu kada ya karye. Kafaɗu ne ke lilo.

Sannan ya karɓe mini wej ɗin yashi, sandar fitar da ƙwallo daga yashi mai digiri 56 ɗin nan da duk sabon shiga ke ƙauna, ya miƙo mini ƙarfe mai lamba 8. Ƙwallo ta ɗan yi tsalle ta sauka taku ɗaya ko biyu cikin girin, sauran tafiyar ta yi ta a ƙasa. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe: ƙwallon da ke gangarawa ta fi wadda ke shawagi jin magana. Idan ciyawar bakin girin gajera ce, ma bar cif ɗin, wato wannan ɗan bugun tsallen, ɗauki fota, sandar fot. Ba abin kunya ba ne, ko da abokan wasa sun yi maka dariya.

Nan Ankara yanayi ma na da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busar da ƙasa ta yi tauri, wej na dukan ƙasa ya yi tsalle, bakinsa ya sari cikin ƙwallo, sai ka gan ta ta tsallake girin ta faɗa ramin yashin da ke can baya. Ya faru da ni sau uku a rana ɗaya. A Yuni kuwa, da ruwa ya jiƙa fili, ƙwallo ba ta gudu, dole ka saukar da ita kusa da rami. Raɓar safiya ma na rage mata gudu.

Atisayen cif mai sauƙi ne. Shimfiɗa ƙaramin tawul inda kake so ta sauka, buga goma, ƙirga nawa suka taɓa shi. Idonka a tawul, ba a tuta ba.

Fot kuma, yawancin masu koyo saiti suke ta fama da shi, alhali awon ƙarfi ne ke kashe su. Da wuya ka kauce wa rami da mita biyu hagu ko dama, amma ka gaza ko ka zarce da mita biyu, wannan kullum ne. Tsaya a taku biyar, goma, goma sha biyar, ka nemi kowace ƙwallo ta tsaya inda tsawon sandarka zai kai rami. Tsawon lilo ne ke ƙara nisa, ba ƙarfin duka ba. Kada ka tsananta wa kanka: faɗin ramin milimita 108 ne kawai, kuma ƙwararrun Amurka ma daga ƙafa 8 kusan rabi suke jefawa.

Na mita ɗaya a gida ake koyonsu. Ni a kan kafet ɗin falo na koya, da kofin shayi a kwance, ashirin a jere bayan isha'i, in na kuskure ɗaya in koma farko. Uwargida ta gaji da magana ta ƙyale ni. Kada ka ɗaga kai ka bi ƙwallo da ido, bari kunne ya gaya maka ta shiga. Tun 2019 doka ta yarda ka bar tuta a rami kana fot, ni ina barinta a na nesa don tana taimaka mini auna tazara.

In awa ɗaya gare ka, ba bakin girin minti arba'in. Ranar Asabar bayan asuba ina wurin atisayen fot, zo da lamba 8 da fota kawai, kokon da ƙosan a wuyana.