Kada a sa wuƙa kafin a ga iyakar ciwon

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an tsakuro nama an tabbatar dajin furostet ne (ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), likita ya rubuta MRI da hoton ƙashi, kai kuma kana ganin gara a tattara kuɗin a yi tiyata kawai. Ni ma haka na ce lokacin namu tsohon a nan Gombe, har da musu na yi wa likita.

Gwajin jini na PSA da makin Gleason, wato makin da ake ba naman da aka tsakuro, suna nuna zafin ciwon ne, ba sa nuna inda ya tsaya. Wannan aikin hoto ne. Ranar da muka kai sakamakon MRI, likitan ya juyo mana da kwamfuta, ya ɗora bakin biro kan wani baƙin tabo a gefen hagu, ya ce mu duba, ya huda fatar ƙwayar ya shiga jakar maniyyi. Matakin T3 ke nan. Da mun matsa an yanka, da wuya a kwashe shi tas, kuma tsohon namu zai iya ƙarewa da yoyon fitsari sannan a ce sai an yi gashin haske, wato ƙona dajin da hasken na'ura. Sai aka tafi kai tsaye ga gashin, haɗe da allurar rage sinadarin maza da ake yi a fatar ciki duk wata 3.

Da hoton ƙashi ya nuna ya bazu zuwa ƙugu ko gadon baya, da babu maganar cirewa, sai allurar da ƙarin magani irin abiraterone. Da kuma ƙarami ne, Gleason 6, yana cikin ƙwayar, wani ma sa ido kawai ake yi masa.

Za ka ji ana zancen wani hoton da ake kira PSMA PET. Shi wani ruwa ake sa wa a jijiya, ya je ya manne wa ƙwayoyin dajin duk inda suka ɓuya. Binciken da aka wallafa a 2020 daga Ostireliya ya samu dacewarsa kashi 92, hoton cikin jiki na CT da hoton ƙashi a haɗe kuwa 65. Sai dai tafiyar Legas ce, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Mu ba mu yi ba. Tambaya ɗaya na yi wa likita: idan mun yi, sakamakon zai canza maganin? Kai ma yi masa ita kafin ka sayar da gona.

Tunda an riga an tsakuro naman, tambayi ko za a jira kamar sati 6 kafin MRI, don jinin da ya taru yana ruɗa hoton. A duba ƙodar Baba kafin allurar da ake yi don ɗaukar hoton. Kuma ka karɓo faifan hoton, kada ka tsaya ga takardar rahoto kaɗai. Mu sai da ƙanena ya koma ɗauko shi, likitan gashi ya ce da idonsa zai gani.