Tambaya da Amsa: Wai sojojin masu shuɗiyar hula suna tsinana wani abu kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne ina karanta kimiyyar siyasa, dan Allah masana sun yarda sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, masu shuɗiyar hula, suna da amfani? Naga Mali ta sallame su a 2023 bayan shekara 10, a Kwango ma zanga-zanga ake ta musu. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin zai baka mamaki amma yawancin masu bincike da lissafi cewa suke eh suna da amfani. Virginia Page Fortna ta jami'ar Columbia a Amurka ta bi yaƙe-yaƙen basasa da dama ta gano inda aka kai sojojin bayan an tsagaita wuta zaman lafiyar ya fi daɗewa, kuma ta lura cewa su wuraren da rikici ya fi tsanani ake tura su, kamar asibiti ne, ba za kace likita ba shi da amfani dan an fi mutuwa a can ba, ai masu jin jiki ake kai masa tun farko.

To amma akwai masu shiga ƙauyuka su zauna da mutane, irin su Séverine Autesserre da ta daɗe tana aiki a gabashin Kwango, ita kukanta shine ma'aikatan nan suna killace kansu a sansani da manyan motoci, ba yaren gari ba sanin rigimar gona da sarauta da ke hura wutar, sai taro da manya a babban birni kawai. Ni dai gaskiya na fi jin maganarta a raina. Akwai kuma inda suka gaza, ga Ruwanda a 1994 da aka rage sojojin zuwa 270 ana tsaka da kisan kiyashi, ga kwalarar Haiti a 2010 da ta fito daga sansaninsu.

Maganar Mali kuwa, aikin an gina shi ne kan yardar ɓangarorin rikici, rashin ɗaukar ɓangare, da rashin harbi sai dan kare kai ko kare aikin. Masu iƙirarin jihadi basu sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljiyas ta 2015 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen arewa ba, gwamnatin Bamako kuma so take a taya ta yaƙi, su kuma sojojin Majalisar ba izinin da aka basu kenan ba, sama da mutum 300 suka rasa kafin su tattara a Disamban 2023. In project zaka rubuta ka kwatanta Mali da Saliyo, inda sojojin Majalisar suka taimaka aka kwance ɗamarar mayaƙa yaƙin ya ƙare a 2002.