Shin da gaske alƙali ne ke mulkin gunduma a Amurka?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne alƙali ke shugabantar gundumomin karkara a Amurka, da kuma abin da ake yi a ginin kotunsu. A jihar Texas dai haka abin yake, sai dai sunan yana ruɗar mutane.

Ɗauki gundumar Loving da ke yammacin jihar, a kan iyaka da New Mexico, kogin Pecos na bin gefenta na yamma. Busasshiyar ƙasa ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,700, amma ƙidayar 2020 mutum 64 kacal ta samu a cikinta, babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a duk Amurka. Arzikinta man fetur ne da iskar gas.

Duk da haka tana da cikakkiyar hukuma. Jama'a ke zaɓen alƙalin gunduma na shekara huɗu, tare da kwamishinoni huɗu, kowa daga mazaɓarsa. Su biyar ɗin ke tsara kasafin kuɗi, su yanka haraji, su kula da hanyoyi. Alƙalin yakan saurari ƙananan ƙararraki da batun gado, amma aikinsa ya fi kama da na shugaban ƙaramar hukuma a wajenmu.

Ginin kotun yana ƙauyen Mentone, an gina shi a 1935. Nan ake ajiye takardun filaye, kuma wannan ne ya fi burge ni, domin inda akwai mai a ƙarƙashin ƙasa, takardar mallaka ce ke raba gardama tsakanin magada da kamfanoni.