Me ya haɗa Fansidar da folik asid faɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da juna biyu wata biyar. A wurin awo an ba ni Fansidar uku na haɗiye a gabansu. Da na nuna wa ungozoma folik asid ɗin da maigida ya sayo mini a kemis, sai ta ce in ajiye shi, in riƙa shan nasu. Ba duk maganin ƙarin jini ba ne?
Wata mai karatu, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Ɗauko kwalin ki duba. Ina kyautata zaton za ki ga an rubuta 5mg, alhali wanda ake so mai ciki ta sha kullum 0.4mg ne. Na kemis ɗin ya ninka shi fiye da sau 12.

Folik asid nau'in bitamin ne da ake kira folet. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera folet da kansa, a alayyafo da wake da gyaɗa muke samunsa. Tsirrai kuwa, da bakteriya, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, su suke haɗa abinsu. Suna da wani sinadari mai suna DHPS, aikinsa ya ɗauko wani ɗan abu da ake kira PABA ya liƙa shi da wani, daga nan a bi mataki-mataki har folet ya samu. Salfadoksin, maganin salfa da ke cikin Fansidar ɗin da ake ba ki don rigakafin maleriya, kamarsa ɗaya da PABA, sai DHPS ya cafke shi bisa kuskure, kamar makullin wani gida da ya shige kwaɗo ya maƙale. Folet ya yanke, ƙwayar ta kasa hayayyafa. Ke ko a jikinki, domin ba ki da DHPS ɗin tun asali. Tun 1935, da Bajamushe Gerhard Domagk ya fito da maganin salfa mai suna Prontosil, ake cin moriyar wannan, sai a 1940 Donald Woods ya gano yadda abin yake a Ingila.

Matsalar ita ce ƙwayar maleriya tana iya tsintar folet a cikin jini. In kika cika jininki da 5mg kullum, kin ba ta ta taga abin da aka hana ta ta ƙofa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa Fansidar da folik asid mai 5mg. Ungozomarki ta san aikinta, kuma da masu kemis za su riƙa tambaya kafin su miƙo, da an rage mana aiki.

Kada ki daina shan na asibitin. In kuma kina shan Septrin kullum, wanda shi ma akwai salfa a cikinsa, ko maganin salfa ya taɓa fesa miki ƙuraje, ki faɗa musu kafin awo na gaba.