Kwamfutar wasan da ka haɗa tana sandarewa? Bar Windows ya huta tukuna

Yarona, na ji saƙon muryarka jiya da dare, har yanzu ina Ngaundere ina jiran kaya a tashar jirgi shi ya sa ban amsa da wuri ba. Ka ce kwamfutar da ka haɗa wa wancan saurayin, mai purosesa (ƙwaƙwalwar injin) Ryzen 5 5600 da kart girafik (mai fitar da hoto) RTX 3060 da baret biyu, wato sanduna biyu, na RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) DDR4 3200, tana aiki lafiya lau a YouTube da sauransu amma da ya shiga wasan GTA V minti goma sha biyar ko ashirin sai hoto ya tsaya cak, sauti ya riƙa gurnani, sai an danne maɓallin wuta. Kuma ka yi mata format sau biyu. Sau biyu fa! Haba yarona, mai ciwon ciki ne kake ta yi masa aski. Idan ka zuba Windows sabo fil matsalar ta dawo yadda take, to ya riga ya gaya maka ba laifinsa ba ne, ka ƙyale shi.

In ta sake sandarewa kada ka yi saurin kashewa. Danna Caps Lock ka kalli ɗan fitilar da ke jikin kilabiye, wato allon maɓallan rubutu. In yana kunnuwa yana mutuwa, to injin na da rai, direban kart girafik ne ya suma, wato manhajar da ke tafiyar da kart ɗin, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wani lokaci za ka ji ƙara ɗaya hoto ya dawo. Wannan mai sauƙi ne, ka shiga mode sans échec, wato Safe Mode na Windows, ka wanke direban da DDU, manhajar goge direba, ka zuba sabo daga shafin Nvidia, kamfanin kart ɗin, shikenan. In kuwa fitilar ba ta motsa ba ga wancan gurnanin, abin ya sauka kan ƙarfe, wato kayan cikin injin, kuma da na ji bayaninka can zuciyata ta fi karkata.

Ni wanda na fara zargi RAM ne. Kaga wannan 3200 da aka rubuta a kwali, ba da shi baret yake tashi ba, yawanci a 2133 ko 2400 yake farawa da volt 1.2, sai ka shiga BIOS, wurin saitin injin kafin Windows ya tashi, ka kunna XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, a kart mer (babban allon da ake jona komai a kai) na Asus DOCP suke ce masa, sannan ya hau 3200 da volt 1.35. Na san ka kunna, don ni na koya maka. To ka kashe shi ka bar RAM ɗin a gudunsa na asali ka sa mai kayan ya buga wasan awa biyu. Za ka ce me ya sa ba ta sandarewa a YouTube? Saboda sai an shiga wasa kart girafik yake cin wat 170 ɗinsa ya huro zafi cikin akwati, zafin nan ya hau kan baret ɗin da ke samansa, kuma mu a Garwa cikin watan Afrilu iskar da fanka ke jawowa ma ta haura digiri 40, baret ɗin da yake tsaye da ƙyar a ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ya fara kuskure a shagonmu. Duba kuma ramin da ka sa su, in kart mer ɗin mai rami huɗu ne baret biyu a A2 da B2 suke zama, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen purosesa, ka danna har kunnen ya ce ƙas. Sannan wata tambaya, baret ɗin nan kwali ɗaya suka zo ko ɗaya daga nan ɗaya daga can ka haɗa don lambar ta zo iri ɗaya? Lamba ɗaya ba ita ce uwa ɗaya ba. Ka sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a kile USB, ka tada injin da shi ya zagaya sau huɗu, layi ja ko guda ɗaya ne ya fito to ba lafiya, sai ka gwada su ɗai-ɗai ka ga mai laifin.

Na biyu alim, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Ka ce min wat 600 ne amma ba ka faɗi sunan kamfani ba, kuma wannan shirun naka ya ba ni tsoro wallahi. Nvidia da kansu wat 550 suka ce wa 3060, kenan 600 na gaskiya ya isa har da canji, amma akwai waɗanda 600 ɗin a takarda kawai take, ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara babu komai ciki. Karanta takardar gefensa wajen da aka rubuta +12V ka ga amfe nawa, ka ninka da 12, wannan shi ne ƙarfin da kart da purosesa za su ci. Na taɓa kwana uku ina zargin kart ɗin wani bawan Allah har na kusa mayar wa mai sayarwa, ashe alim ne. Akwai nawa mai kyau a ƙasan tebur cikin kwalin da na rubuta gwaji, ɗauko ka jona, ka tabbata wayar mai baki 8 ta shige kart ɗin sosai.

Zafi kam ka auna amma kada ka ɗora masa komai. Purosesan zamani in ya ji wuta rage gudu yake yi, 5600 sai ya kai digiri 90 yake kai iyaka, ba kasafai yake sandarewa haka kawai ba. Buɗe HWiNFO, manhajar auna zafi, ka bar shi a baya lokacin wasa, ka leƙa lambobin bayan minti goma. In ka ga ya manne a kusa da 90, cire fankar ka duba ko ka manta ledar da ke ƙasanta, kada ka ji kunya, ni ma na taɓa yi, sai ka goge ka sa sabon pat termik, man da ake shafawa tsakanin purosesa da fanka, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake.

Wutar gari kuma, na ji ka ce ko ita ce. In wuta ta yi ƙasa yawanci kwamfuta mutuwa take yi ko ta sake tashi da kanta, ba hoto ya tsaya ana kallonsa ba. Duk da haka ka jona ta a regilatè, na'urar daidaita wuta, lokacin gwaji. Kuma saƙon Kernel-Power 41 da ka gani a Observateur d'événements, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, kada ya ruɗe ka, cewa kawai yake an kashe injin ba bisa ƙa'ida ba, kai da ka danne maɓalli ma kai ka jawo shi. Saƙon WHEA-Logger, mai nuna kuskuren ƙarfe, ko na nvlddmkm, direban Nvidia, nake so ka nemo min a can.

Dan Allah abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka rubuta a littafin shago, don in ka kashe XMP ka canza alim ka wanke direba lokaci guda ta warke, gobe mai kaya ya tambaye ka wanne zai saya ba ka da amsa. Kart ɗin shi ne na ƙarshe, kuma ka tuna 5600 ba shi da girafik a cikinsa, in ka cire kart allo baƙi za ka gani, sai ka aro ƙaramin da ke injin kanti.

Ka fara da XMP yau da safe kafin rana ta yi, ka maimaita da azahar lokacin da shago ya ɗau zafi. Turo min hoton takardar alim ɗin da na baret biyun gaba da baya, kuma ka ce wa saurayin ya yi haƙuri zuwa jibi in sha Allah ina hanya.