Ga mai tambaya kan shirin hunturu a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara makaranta don in samu natsuwar rubutu. Kin ce wannan ne hunturunki na farko a Kano tun da kuka taso daga Fatakwal, ga jaririya 'yar wata biyar, ga surukarki a gidan, maigidan kuma ba mazauni ba ne, shi ya sa kike so a gaya miki abin da za ki tanada kada wani abu ya taso da tsakar dare ki rasa tudun dafawa. Na ga 'yan'uwa sun riga sun lissafa miki bargo da safa da hular sanyi da man kaɗe. Duk gaskiya suka faɗa, kuma in kin leƙa Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo za ki haɗo wannan a yini ɗaya. Ni wani gefen zan taɓa, don shekarata ashirin da ɗoriya da aure a garin nan, kuma sau biyu hunturu ya kusa yi mana mummunar ɓarna, duka biyun ba sanyin ne ya yi ba.

Sanyin Kano ba irin na Turai ba ne da ake nuna mana ƙanƙara ta rufe ƙofa. A Disamba da Janairu, da asuba ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, da hantsi kuma rana ta fito ta gasa mutum. Abin da ke tare da shi shi ne bushewa. Iska ta tsotse ruwan komai, katako, katifa, labule, rufin kwano da silin ɗinsa, har leɓen mutum. Sai kuma mu, don mu kore sanyin, mu shigo da wuta cikin ɗaki. Ki tambayi duk wanda ya daɗe a garin nan, zai ce miki daga shigowar hunturu zuwa bazara jiniyar 'yan kwana-kwana ba ta hutawa. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 har yau akwai 'yan kasuwar da ba su farfaɗo ba.

Tamu ta faru a wani Janairu, lokacin babban ɗana yana aji biyar a sakandare. Yaron ya sa hita a bokitin roba zai ɗumama ruwan wanka da daddare, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ya ja tsaki ya shige bargo, bai zare ta daga soket ba. Wajen ƙarfe biyu aka dawo da wutar. Ruwan ya tafasa ya ƙone, bokitin ya narke, ledar tsakar ɗakin ta kama, daga nan labule. Ni tarinsa ne ya tashe ni, wani irin tari mai kama da na shaƙewa. Ko da na buɗe ƙofar ɗakin, ban ga komai ba sai baƙin hayaƙi mai warin roba da wani ja-ja a ƙasa. Na jawo shi ta ƙafa. To a nan ne ido ya raina fata: ƙofar gida a kulle da kwaɗo, makullin kuma yana aljihun rigar maigidan, rigar da shi kansa ya manta wacce ce. Tagogi duk ƙarfe ne da muka sa saboda ɓarayi. Muna ciki muna ihu, maƙwabta na waje suna dukan ƙofa, sai da wani ya haura ta katanga da taɓarya ya fasa kwaɗon. Allah ya taƙaita, ɗaki ɗaya muka rasa. Abin da ya kashe wutar kuwa duro biyu ne na ruwa da ke tsakar gida da bokitan maƙwabta, don lungunmu ko Keke Napep da ƙyar yake shiga, balle motar kashe gobara.

Tun daga ranar na kafa ƙusa a bango kusa da ƙofa, daidai tsayin da ɗan shekara bakwai zai kai. Makullin gida a nan yake kwana, da tocila a rataye tare da shi. Wanda ya ɗauka bai mayar ba, ranar zai ji bakina. Taga ɗaya a kowane ɗakin kwana na sa mai walda ya yanke ƙarfenta ya mayar da ita mai buɗewa daga ciki. Hita kuma na kore ta daga gidana gaba ɗaya. Na san wasu za su ce gas ya yi tsada, gawayi ma haka, to in dole sai kin yi amfani da ita, ki tsaya a kanta har ki zare, kuma ki mayar da shi doka cewa da an ɗauke wuta kowa ya bi soket ya kashe, musamman dutsen guga da risho na lantarki. Ki sa maigidan ya nuna miki inda ake kashe wutar gidan baki ɗaya a wajen mita, ki gwada da hannunki yana tsaye. Wutar da ta tashi daga waya ba a watsa mata ruwa sai an kashe can tukuna. In kuma mai ne ya kama a kasko kina suya, murfi za ki kifa ki kashe murhun, ruwa sai dai ya watso miki ita a fuska.

Na biyun ya fi ba ni tsoro, don shi babu ihu babu hayaƙin da za a gani. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, Allah ya jiƙanta, ba ta iya barci a hunturu sai da kaskon garwashi a ɗaki. Haka ta saba tun a ƙauye. Amma ɗakin ƙauye na ƙasa ne, iska na shiga ta ko'ina. Namu na siminti ne, ga shi mun toshe taga da tsumma saboda ƙura, an saki labule mai kauri a ƙofa. Wata asuba ban ji motsin butarta ba. Na shiga na tarar da ita da jikanyarta da ke kwana wajenta, duk sun yi laushi, yarinyar ta yi amai, Hajiya tana cewa kanta kamar ana sara da gatari, ta kasa tashi zaune. Muka fito da su tsakar gida, muka nufi asibiti. Likitan ya yi mana bayani cewa gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, mutum yana barci ya zarce. Irin ta ce hayaƙin janareta ke fitarwa, shi ya sa ake jin labarin an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki.

Tunda kin ce surukarki dattijuwa ce, ina kyautata zaton za ta nemi kasko. Kada ki yi mata gardama, ba za ki ci riba ba, kuma ba girmanki ba ne. Abin da na riƙa yi shi ne in hura garwashin a waje har ya ruru ya daina hayaƙi, in kai mata bayan isha'i da taga a ɗan buɗe, mu yi hira tana jin ɗumi, in ta fara gyangyaɗi in ce "Hajiya bari in fitar da shi kada zaninki ya faɗa." Sai in bar mata ruwan ɗumi a gorar roba mai kauri na naɗe da tsumma a wajen ƙafa. Janareta kuma ko don tsoron ɓarawo kada a shigar da shi soro ko kicin ko ƙarƙashin taga. A ɗaure shi da sarƙa a fili.

Jaririyarki kuwa, wanka sai hantsi ya dubi ludayi, a shafe ta da mai, a sa mata kaya biyu ko uku marasa nauyi maimakon a dunƙule ta cikin bargo har fuska. Mura dole za ta yi, ƙura ce. Abin lura shi ne numfashi. Ki ɗaga rigarta tana kwance shiru ki ƙirga da agogon waya: a shekarunta, in ya kai 50 a minti ɗaya ko ya wuce, ko kika ga ƙasan ƙirjinta na lomawa ciki in ta ja numfashi, ko ta ƙi kama nono, wannan ba na kemis ba ne, limoniya ake tsoro. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan cikin gari, ga asibitin Murtala, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Tun yanzu ki san wanne ya fi kusa da ke, kuma wa zai kai ki da ƙarfe ukun dare. Ni lambar masu adaidaita biyu na unguwarmu na rubuta da alƙalami a bayan kalandar falo, tare da ta maƙwabcinmu mai mota da 112 ta kiran gaggawa, saboda ranar da abu ya faru ranar ce waya ke mutuwa. In akwai mai asma ko sikila a gidan, sanyi da ƙura na tayar musu da ciwo, kada ki bari abin shaƙarsu ko maganinsu ya kai ga ƙarewa kafin a sayo wani.

Ƙuna ma ki sani, don hunturu lokacin ruwan zafi ne a ko'ina, yara na rarrafe. A zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta a yi ta zubawa kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Na san za a samu mai ce miki kakarta da haka ta yi ta warke.

Maganar ajiyar abinci da ruwa, gaskiya ba hunturu ne ya koya mini ba, garin ne. A Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, azumi ya same mu a ciki. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, kana da kuɗi a banki amma mai kayan miya ba ya karɓar tiransifa. A Agustan 2024 aka sa dokar hana fita ta awa 24 bayan zanga-zanga. A Oktoban shekarar kuma layin da ke kawo wa Arewa wuta ya lalace, muka yi fiye da mako a duhu, injinan rijiyoyin burtsatse suka tsaya, 'yan garuwa suka zama sai wane da wane, niƙa ma sai an yi tafiya. Kowanne a ciki ba wanda ya yi sallama kafin ya zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba na ce ki je kasuwar hatsi ta Dawanau ki ɗauko buhu-buhu ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da nake yi shi ne ina da wani bokiti mai murfi da ba a taɓa shi: kwano biyu na shinkafa, kwanon wake, garin kwaki, garin tuwo, busasshen tumatir da kuka da kuɓewa busasshiya, ƙuli-ƙuli, gishiri, sukari, ashana. Duk wata biyu sai in juye shi a girki in sake sabo, saboda ƙwari. Yanzu da kaka ta wuce ba da daɗewa ba hatsi ya fi sauƙi, lokacin cika shi ke nan. Gawayi rabin buhu na gefe ko da kina da gas. Ruwa kuwa jarka huɗu masu lita 25 kullum a cike, ban da duron tsakar gida, wanda shi na gaya miki aikin da ya yi mana. Sai 'yan canji ƙanana da za su kai ki asibiti su dawo da ke, a wurin da ke kaɗai kika sani, kuma kada ki ranta wa kanki ranar biki.

Takardu ma na koyi darasi, don takardar haihuwar yaron da sakamakon jarrabawarsa na ƙaramar sakandare a ɗakin nan suka ƙone, mun sha zirga-zirga kafin a samu madadinsu. Yanzu duk na gidan, har takardar fili da katin asibiti da na rigakafin yara, suna cikin leda a jaka ɗaya a saman kwaba kusa da ƙofa, na kuma ɗauki hotonsu na tura wa ƙanwata a WhatsApp. Jakar nan za ta yi miki rana da damina ma, don in Agusta ya zo kwatoci suka cika a wasu unguwannin, wani sabon karatu ne, sai lokacin ya matso ma yi maganarsa.

Tunda baƙuwa ce ke, ki daure ki shiga gidajen da ke dama da hagu da ke ki gaisa, ko da ɗan ƙosai ne a kwano. Ki bari su san maigidan na tafiya, su san akwai tsohuwa da jaririya a gidan. Mutumin da ya haura katangarmu da taɓarya, kafin ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa shi da maigidana a masallaci, amma ya san ɗakin da yara ke kwana, can ya fara nufa.

Ki gaya mini unguwar da kuke da irin ginin gidan, ko na haya ne mai tagogin ƙarfe, ko bene ne. In bene ne akwai abin da zan ƙara miki game da matattakala da inda ake ajiye tukunyar gas. A gaida Hajiya, a shafa mini kan 'yar.