Tambaya da Amsa: Ziyarar Garin Rabenna

Tambaya: Ina zaune a Jidda, zan je Italiya bayan Hajji. Wane tsohon gari ne kusa da teku ya cancanci ziyara?

Amsa: Malam, shawararmu Rabenna ce, wadda ta zama hedikwatar Daular Rum ta Yamma a shekarar 402. A bangon majami'ar San Vitale an jera ƙananan gilasai masu ruwan zinare har suka fitar da siffar Justiniyan, Sarkin Daular Rum ta Gabas, da fadawansa. Teku na da nisan kimanin kilomita 10, amma wanda ya saba da ɗumin Bahar Maliya zai ji ruwan da sanyi. Ka tambaya kafin ka ci gurasarsu piadina, domin galibi da kitsen alade ake kwaɓa ta.